Baba Arba'in da Buɗaɗɗiyar Likita

Duk unguwar babu mai kiransa da sunansa na yanka. Baba Arba'in ake ce masa, kuma ba don shekarunsa ba, don tun bara ya ba saba'in baya. Dalilin sunan shi ne, a shekara talatin da bakwai da ya yi yana tuƙa Likita, allurar gudun motar ba ta taɓa haye arba'in ba. Masu keke sukan wuce shi, su ɗaga masa hannu. Wata rana har wani mai tura baro ya ce masa, "Baba, in sauri kuke yi ku hau nan in kai ku." Bai ko kalle shi ba. Hannunsa biyu suna kan sitiyari, wuyansa a miƙe, kamar wanda ya ɗauko tiren ƙwai.

Ita kuwa motar, ai dole a bi ta a hankali. Doguwa ce, launin madara, kujerunta jar fata, fitilunta zagaye kamar idon mai mamaki. Rufinta na tamfol ne, ana ninke shi baya a bar sama a buɗe, shi ya sa ake ce mata Buɗaɗɗiya. Tun kafin Baba ya zo gidan, Likita ya saye ta, amma in ka ji su biyun suna maganarta, ba za ka gane wane ne mai ita ba.

Kullum da safe sai Baba ya wanke hannunsa kafin ya taɓa ta. Tsumma biyu gare shi, ɗaya na jiki, ɗaya na gilashi, kuma duk wanda ya haɗa su ya shiga uku. Ninke rufin ma ba a yi masa gaggawa. Sai ya fara sakin makamar hagu, sannan ta dama, ya ninke tamfol ɗin gida uku, ya shimfiɗa tsohon tawul a tsakani don kada ƙarfe ya ci shi. Likita ba ya zaman baya irin na manya. Gaba yake zama kusa da direbansa, hularsa a cinya, iska tana wasa da furfurarsa, yana ba Baba labarin marasa lafiyar jiya ba tare da ya kama sunan kowa ba.

Matar Baba, wadda ake kira Maman 'Yan Biyu, takan ce, "Malam, da kana shafa wa gwiwoyinka rabin man da kake shafa wa kujerun nan, da yanzu kana tsere da jikokinka."

Shi kuma ya ce, "Gwiwa ai tawa ce. Mota amana ce."

To, akwai wani abu game da motar nan da mutum biyu kaɗai suka sani a duniya, ɗayan kuma ya riga mu gidan gaskiya.

Likita yana da ɗa na ƙarshe, kowa Auta yake ce masa. Lokacin da Auta ya kai sha bakwai, kansa ya ɗauki zafi, ba abin da yake so irin a gan shi a Buɗaɗɗiya. Wata rana da azahar, Likita yana barcin rana, Baba ya tafi cin abinci, sai Auta ya zari makulli ya fice. Ya dawo da madubin gefe a hannu da fenti a goge, ga jini a goshinsa. Baba ya ga jinin, ya ga motar, ya rasa wanne zai fara yi wa kuka.

Bai yi faɗa ba. Washegari ya tafi kasuwar kayan gyara ya sayo wani ɗan ƙaramin famfo na tagulla, bai fi babban yatsa ba. Ya shiga ƙarƙashin motar ya yanke tiyon da ke kai mai daga tanki zuwa inji, ya ɗaura famfon a tsakani, ya fito da kansa ta ƙasan kujerar direba, can wajen da hannu ba ya kaiwa sai da niyya. In an rufe famfon, motar za ta tashi lafiya lau da ɗan man da ya rage a kafireto, wato ma'ajiyar mai ta jikin inji. Za ta yi tafiya kaɗan. Daga nan sai ta yi tari sau biyu ta mutu. Baba ya gwada, ya ga daga gareji zuwa bakin ƙofar gida ne iyakarta. Ya ce madalla.

Sau shida Auta yana satar makulli a shekarar nan, sau shida Buɗaɗɗiya tana kai shi bakin ƙofa ta tsaya cak. Ya buɗe bonet, ya goge fulogi, ya jijjiga wayoyi, ya kira abokansa su tura. Ko gezau. Da Baba ya dawo kuwa, sai ya zauna, ya sunkuya kamar mai gyara takalmi, ya murɗa makulli, mota ta tashi tana ƙara mai daɗi.

"Baba, wallahi motar nan ba ta sona," in ji Auta.

"A'a, Auta, kunya take ji. Ba ta saba da kai ba."

Likita ba yaro ba ne. Wata safiya suna hanya ya ce, "Direba, wane irin takalmi ne wannan naka da kullum sai an gyara shi kafin mu tashi?" Baba ya ga ba mafita, ya faɗi gaskiya. Likita ya yi dariya har hularsa ta faɗi ƙasa. Da ya natsu ya ce, "Ka yi daidai. Kada ka gaya masa sai ya yi hankali. Ni zan gaya maka ranar."

Shi ke nan fa. Auta ya tafi karatu nesa, ya sami aiki nesa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, har gemunsa ya fara fari. In ya zo hutu, Baba ne ke ɗauko shi, don ya rantse ba zai ƙara taɓa sitiyarin motar da ta raina shi ba. Likita kuwa, ko mantawa ya yi, ko har yanzu bai gamsu ba, bai taɓa cewa ranar ta zo ba. Shi kuma Baba ba mutumin da zai tuna wa maigidansa magana ba ne. Shekara talatin yana rufe famfo duk lokacin da ya ajiye mota, har hannunsa ya saba, yana yi ba tare da ya sani ba.

Sai Allah ya yi wa Likita rasuwa, bai bar wasiyya a kan famfo ba.

Bayan wata biyar 'ya'yan suka taru suka yanke shawarar sayar da gidan, don kowa yana da nasa a wani wuri. Motar kuma a kai ta gwanjo. Auta ne ya zo har gida ya gaya wa Baba, yana magana yana kallon ƙasa.

"Baba, ba mu da inda za mu ajiye ta. Kuma ka san ni da ita."

"Na sani, Auta. Allah ya sa ta faɗa hannu na gari."

Ranar da babbar mota ta zo ɗaukarta, Baba ya wanke ta, ya ninke rufin gida uku, ya sa tawul. Sannan ya sunkuya ya rufe famfo. Wannan karon ba sabo ba ne, yana sane.

Maman 'Yan Biyu ta gane akwai wani abu, don da ya dawo gida ya ci abinci har ya nemi ƙari.

"Malam, mutumin da aka raba da motarsa yau, shi ne yake neman ƙari? Me ka ƙulla?"

Shekara arba'in da biyar suna tare, bai taɓa iya ɓoye mata abu in ta tsare shi da ido ba, sai wannan famfon kaɗai. Ya kwashe labarin duka ya gaya mata. Ya ƙare da cewa, "Kin ga in ta ƙi tafiya, ba wanda zai saya. Sai su dawo da ita."

Ta ajiye ludayin da ke hannunta. "Su dawo da ita ina?"

"Gareji mana."

"Wane garejin? Na gidan da aka sayar? Ko nan za ka kawo ta, mu fitar da gado mu sa ta?"

Gaskiya Baba bai kai nan a lissafinsa ba.

"Kuma shekara talatin kana barin yaron mutane yana zaton mota ta tsane shi? Kai da Likita, Allah ya jiƙansa, ban san wanda ya fi wani rigima ba."

"Cewa ya yi sai ya gaya mini ranar."

"To, zauna jira."

Ranar gwanjon ta goge masa tsohuwar farar rigarsa ta aiki, ya saka, ya hau motar haya ya tafi. Wurin wani ƙaton ɗaki ne mai rufin kwano, kamar sito, an jera kujerun roba a gaban wani dandamali. Tsofaffin motoci sun kai ashirin a gefe, kowacce da lamba a gilashinta. Buɗaɗɗiya ce ta goma sha ɗaya. Wani ya shafa mata mai a taya tana ƙyalli, amma sun buɗe rufin sun mayar yadda suka ga dama, tawul ɗin ma yana yashe a kan kujera. Baba ya tsallaka igiyar da aka kewaye ta da ita ya fara gyarawa.

"Tsoho, ba a taɓawa," in ji wani ma'aikaci.

"Ɗana, ni da ita mun girmi dokar nan."

Yana cikin ninkewa ya lura da wata mata a tsaye tana kallon hannunsa. Za ta yi shekara hamsin, da gilashi a idonta, farcenta gajeru, akwai baƙin mai a gefensu irin wanda sabulu ba ya fitarwa. Kafin ta dafa ƙofar motar sai da ta goge tafinta a jikin rigarta. Baba ya ga wannan.

"Baba, me ya sa hagu kake fara saki?"

"Ta dama tana da taurin kai, 'yata. In kin fara da ita sai ta ja tamfol ɗin ya yage a nan." Ya nuna mata wurin.

Ta ce garejin gyaran tsofaffin motoci gare ta, na mahaifinta ne ta gada. Irin wannan motar ya koya mata aiki a kanta, tun tana tsayawa a kan akwati kafin ta leƙa inji. Ta daɗe tana neman irinta, amma mai lafiya take so, don kayan injin irin wannan sun ƙare a duniya.

Daga bayansu wani ƙaton mutum mai ɗan ƙaramin littafi ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofar motar da makullinsa, kamar mai gwada kankana. Baba ya ji kamar shi aka ƙwanƙwasa. Ya tambayi ma'aikacin ko wane ne.

"Mai yanka ne. Duk wadda ta ƙi tafiya shi yake kwashewa. Fitila daban, ƙofa daban, kujeru daban, sauran a kai wa masu narka ƙarfe."

"In ba ta tashi ba, ba mayar wa masu ita ake yi ba?"

"Wa zai mayar? Duk abin da ya shigo nan yau, yau zai fita."

Baba ya nemi kujera ya zauna. Ya so ya koma ya buɗe famfon a ɓoye, amma an riga an buga ƙararrawa, an kori kowa daga wajen motocin, ma'aikata biyu sun tsaya a bakin igiya.

Tsarin wurin shi ne, kowace mota sai an tuƙo ta da ƙafarta daga layi zuwa kan dandamali, masu saye su gani da idonsu. Mai gwanjo, wani siriri mai baki kamar injin ɗinki, yana tsaye da 'yar gudumarsa. Motoci goma suka wuce, Baba bai ga ko ɗaya ba. Da aka kira ta goma sha ɗaya, sai ya ga Auta ya tashi daga layin gaba ya karɓi makulli daga hannun ma'aikaci.

"Jama'a, ɗan mai motar da kansa zai kawo ta!" in ji mai gwanjo. "Ya ce ko sau ɗaya ne, yana so ya tuƙa motar mahaifinsa kafin ta tafi."

Baba ya dafe kai.

Buɗaɗɗiya ta tashi da murɗawa ɗaya. Muryarta ta cika ɗakin, mutane suka gyara zama, katunan lamba na masu saye suka fara motsi a hannu. Auta ya saki kuloci a hankali, fuskarsa ta washe kamar ta ɗan sha bakwai. Baba kuwa yana ƙirga tazarar a zuciyarsa. Ga gareji. Ga bishiyar tsakar gida. Ga ɗakin mai gadi. Ga ƙofa.

Ta yi tari sau biyu ta mutu, tayoyin gaba a kan dandamali, na baya a ƙasa.

Auta ya murɗa makulli. Ya sake murɗawa. Wani ya yi dariya daga baya. Auta ya ɗora goshinsa a kan sitiyari, mutum mai furfura a gemu, a gaban mutum ɗari. Bakaniken wurin ya buɗe bonet ya taɓa nan ya taɓa can, ya ɗaga kafaɗa. Katunan da suka fara tashi duk suka koma cinya. Mai gilashi ta cire gilashinta tana gogewa, ranta a ɓace.

"To, za a sayar da ita yadda take," in ji mai gwanjo. "Wa zai fara?"

Kati ɗaya ne ya tashi, na mai yanka.

"Ɗaya," in ji mai gwanjo, ya ɗaga guduma. "Biyu..."

"Dakata!"

Baba bai san yana da irin wannan muryar ba. Ya taso yana ɗingishi ta tsakanin kujeru, farar rigarsa tana kaɗawa.

"Baba, kati za ka ɗaga in saye kake yi," in ji mai gwanjo.

"Ba saye nake ba, ɗana. Motar nan lafiyarta ƙalau. Ni ne ba ni da gaskiya."

Ya isa gefen ƙofar direba. Da ya ga dama, da sai ya ce Auta ya fito, ya zauna ya gyara takalminsa kamar kullum, kowa ya ce hannun tsoho ne mai albarka. Ya yi wannan tunanin. Amma ya dubi ƙeyar Auta a kan sitiyari, ya ga tsohon tabon nan a gefen goshinsa, sai ya fasa.

"Auta, ɗago. Sa hannunka na dama a ƙarƙashin kujera. Can ciki. Ƙara gaba. Ka ji wani ɗan ƙarfe mai sanyi?"

"Na ji."

"Murɗa shi wajenka. Yawwa. Taka totur sau uku, ka jira kaɗan. To, tayar."

Injin ya juya, ya juya, sannan ya kama. Buɗaɗɗiya ta hau dandamali da sauran tayoyinta biyu ta tsaya tana huci a hankali, ba tari, ba rawa. Ɗakin ya ɗauki tafi.

Auta bai ji tafin ba. Yana kallon Baba, hannunsa har yanzu a ƙarƙashin kujera.

"Baba, mene ne wannan?"

"Famfon mai ne."

"Tun yaushe?"

"Tun washegarin madubi."

Auta ya ce, "Wato duk turin da muka sha ni da abokaina... Baba! Har mai gadi na ba kuɗin shayi ya taya mu turi!"

"Na gani. Ina bayan taga."

"Babanmu ya sani?"

"Shi ya ce kada in gaya maka sai ka yi hankali. Ya ce zai gaya mini ranar."

Auta ya fara dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu daban, ya sa hannun riga ya share ido. "Bai faɗa ba ke nan har ya tafi."

"Bai faɗa ba. Ni ma yau na yi masa shisshigi. In mun haɗu zan ba shi haƙuri."

Mai gwanjo ya buga gudumarsa a tebur. "Jama'a, a gama zumuncin a waje. Mota tana tafiya, har da maganin ɓarawo kyauta. Mu sake daga farko!"

Katuna suka tashi ta ko'ina. Mai yanka ya rufe littafinsa tun a zagaye na biyu, don shi da mai rai ba sa ciniki. Aka yi ta ja, aka rage mutum uku, aka rage biyu: mai gilashi da wani mai sheƙin takalmi da bai ko leƙa injin ba. Baba bai san yana riƙe da madubin gefe ba sai da gudumar ta sauka. Mai gilashi ce.

Ta zo tana murmushi. Baba ya miƙa mata tsummansa biyu daga aljihu, ya nuna mata na jiki da na gilashi, ya ce kada ta haɗa. Ya fara bayanin tawul, ta ce ta gani ɗazu. Ya ce to famfon fa, in ta ga dama ta cire.

"In cire? Baba, ina da ɗa ɗan sha shida."

Ta dubi Auta da ke tsaye yana juya makulli a hannu ya kasa miƙawa. Ta ce garejinta ba nisa, ita kuma da tata motar ta zo, ba ta iya tuƙa biyu. Ko zai taimaka ya kai mata?

Haka aka buɗe babbar ƙofar ɗakin gwanjo, Buɗaɗɗiya ta fito cikin hasken la'asar, rufinta a ninke gida uku. Auta yana kan sitiyari. Baba yana kujerar Likita, karo na farko a rayuwarsa, ya rasa inda zai sa hannuwansa, sai ya cire hularsa ya ɗora a cinya. Da suka zo bakin ƙofar harabar, Auta ya rage gudu yana sauraro, kafaɗunsa a ɗage. Motar ta wuce abinta ta hau titi.

"Baba, ta wuce ƙofa."

"Na gani. Kalli gabanka."

Suka ɗan yi tafiya, iska tana kaɗa musu furfura. Sai Baba ya leƙa allurar gudu ya yi gyaran murya.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Arba'in da biyar kake."